Jan tirela mai wuyan dinya da matsakaiciyar a-kori-kura: lissafin da za ka yi kafin ka huda bodin motarka

Ƙungiyoyin manoma da yawa a-kori-kura ɗaya ce da su, galibi Toyota Hilux, wasu kuma Ford Ranger, Isuzu D-Max, Mitsubishi L200 ko Nissan Navara. Ita ke kai taki ƙauye da bazara, ita ke kwaso hatsi da kaka, ranar kasuwa kuma ita ke ɗaukar dabba. Da aiki ya yi yawa sai a ga motar ta yi kaɗan, daga nan maganar tirela ta taso. Wasu sun ga bidiyon makiyayan Amurka suna jan doguwar tirela wadda wuyanta ya lanƙwaso ya sauka a cikin bodin mota, sai su ce me zai hana mu sa mai walda ya ƙera mana irinta?

Amsar a taƙaice: yana yiwuwa, amma da ƙaramar tirela kawai. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne nauyin da motar za ta iya ɗauka a bayanta. Ƙarfin injin daga baya yake zuwa. Wannan bayani zai nuna maka yadda ake lissafin, da abin da za ka duba wajen ɗaura mahaɗi, da lodi, da tuƙi.

Iri biyu ne, amma wuri ɗaya suke sauke nauyi

Na farko shi ne mai wuyan dinya, wanda masu sayarwa ke kira guznek. Ana kafa ƙwallon ƙarfe a tsakiyar bodi, daidai saman aksil ɗin baya. Tirelar tana da dogon wuya da ke hawa sama, ya tsallake ƙofar bodi, sannan ya sauko ya hau kan ƙwallon. Girman ƙwallon da aka fi amfani da shi inci 2 da 5/16 ne, wato wajen milimita 59. Makiyaya da manoman Amurka irin wannan suka fi so don ɗaukar shanu, dawaki, ciyawa da injinan gona, domin ƙwallon yana juyawa kowane ɓangare a hanya mai gargada, kuma ba ya cinye bodi.

Na biyu shi ne mai faranti, ana ce masa fif-wil, ma'ana taya ta biyar. Ka san shi, ko da ba ka san sunansa ba: duk babbar tirelar da ke bin hanyar Kano zuwa Legas, kanta yana ɗauke da faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga, bodin kuma yana da gajeren fegi da ke shiga tsagar a kulle shi. Na a-kori-kura ƙaraminsa ne kawai, fegin kaurinsa inci 2. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki, daga wani zoben ƙarfe da ke kwance saman aksil ɗin gaba yana barin keken ya juya. A Amurka an fi amfani da shi wajen jan tirelar kwana mai ɗakuna. Ya fi laushin tafiya a kwalta, amma ya fi nauyi, kuma yana mamaye bodi.

Ga aikin gona, mai wuyan dinya ya fi dacewa. Lissafin nauyi kuwa ɗaya ne ga duka biyun.

Me ya sa ake son ta, kuma ina matsalar take?

Tirelar da aka saba ana maƙala ta ne a ƙarshen mota, fiye da mita ɗaya bayan aksil. Duk motsin da ta yi sai ya karkaɗa gindin motar, shi ya sa take lilo idan an yi gudu ko babbar mota ta wuce. Mai wuyan dinya kuwa a kan aksil take zaune, don haka ba ta da inda za ta kama ta karkaɗa motar. Ta fi natsuwa a hanya, kuma ta fi iya juyawa a matsattsen wuri.

Amma natsuwar tana da farashi. Tirelar baya takan sauke kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta a kan mota. Mai wuyan dinya da mai faranti kuwa suna sauke kashi 15 zuwa 25, kuma kusan dukkansa a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Ka ga ke nan tirela mai tan 3 tana iya ɗora wa motarka kilo 750 ita kaɗai, kafin direba ya shiga.

Shi ya sa a ƙasar da aka fi amfani da ita, manyan a-kori-kura ne ke wannan aiki, irin su Ford F-250 da F-350, da Ram 2500 da 3500. Kamfanoni suna buga musu adadin abin da za su ja da ƙwallon cikin bodi. Matsakaita kuwa, irin su Hilux, Ranger da Toyota Tacoma, adadin da aka rubuta musu galibi na mahaɗin baya ne. Akwai ƙananan tireloli da aka yi domin su, kamar ta kwana mai tsawon ƙafa 19 da kamfanin Scamp ke ƙerawa a jihar Minesota, amma dai ƙanana ne marasa nauyi. Ka fara buɗe littafin motarka. In ya hana irin wannan jan, magana ta ƙare.

Lambobi huɗu da za ka nemo

Suna jikin ɗan allon da ke bakin ƙofar direba ko cikin gidan inji, wasu kuma a littafin mota.

1. GVM ko GVWR: iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, mutane, mai, kaya, mahaɗi, da nauyin da wuyan tirela ya sauke.
2. GAWR na baya: iyakar abin da aksil ɗin baya zai ɗauka.
3. GCM ko GCWR: iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.
4. Iyakar ja: nauyin tirela mai birki da aka yarda motar ta ja. Ga tirela marar birki, yawancin waɗannan motoci kilo 750 ne iyakarsu.

In motar daga Amurka aka shigo da ita kuma ka ga LB bayan lamba, raba ta da 2.2 ka samu kilo.

Masu sayar da mota lamba ta huɗu suke tallatawa, don ita ce ta fi girma. Duba misalin Hilux mai ƙofa huɗu, mai dizal 2.8, mai ja da taya huɗu, ƙirar 2020, a takardun kasuwar Ostareliya: iyakar ja kilo 3,500, GVM kilo 3,050, GCM kilo 5,850. In ka haɗa 3,500 da 3,050 za ka samu 6,550, wato ya haura GCM da kilo 700. Ma'ana ba za ka cika motar maƙil kuma ka ja cikakken tan 3 da rabi a lokaci ɗaya ba. Sannan ka lura, Hilux da yawa a Najeriya masu fetur 2.7 ne, kuma iyakarsu ta fi ƙasa. A can Ostareliya kilo 2,500 aka rubuta wa mai fetur ɗin. Tacoma ta shekarun 2016 zuwa 2023, mafi ƙarfinta kilo 3,080 ko kusa da haka take ja, amma abin da take ɗauka a bayanta bai kai na Hilux ba.

Wani abu kuma, da sabuwar mota ake fitar da waɗannan lambobi. A Amurka ana bin ƙa'idar gwaji ta SAE J2807, inda ake hawa wani tudu mai tsawon wajen kilomita 18 kusa da madatsar Debis a jihar Arizona, cikin zafin da ya kai digiri 38, da mutum biyu kacal a mota, kowanne an ƙiyasta shi kilo 68. Taka motar ta yi shekaru tana aiki, sifirin ya kwanta, lagireto ya sha ƙura, zafin watan Afrilu a arewa kuma yakan haura digiri 40. Don haka kar ka kai lodi har bakin iyaka, ka bar rata.

Je ka hau sikeli

Kar ka dogara da nauyin da aka rubuta a takarda, domin an ƙara wa motar ƙarfen gaba, da kejin bodi, da akwatin kayan aiki. Nemi sikelin auna mota, irin na injinan casar shinkafa, manyan rumbunan hatsi da wuraren fasa dutse. Cika tanki, ka shiga da direba da duk wanda zai riƙa binsa, da safaya da jak. Auna motar gaba ɗaya, sannan ka auna tayoyin baya su kaɗai a kan sikelin.

Ga misalin lissafi. Lambobin sikelin nan na koyo ne, kai ka sa naka.

Mu ɗauka GVM 3,050 ne, GAWR na baya 1,700, GCM 5,850. Sikeli ya ba ka 2,350 na motar gaba ɗaya, na baya kuma 1,020. Mahaɗin da za a ɗaura, da ƙarafansa, mu ce kilo 60. Motar ta koma 2,410, bayanta ya koma 1,080.

Abin da ya rage a GVM: 3,050 a cire 2,410, saura 640.
Abin da ya rage a aksil ɗin baya: 1,700 a cire 1,080, saura 620.
Abin da ya rage a GCM: 5,850 a cire 2,410, saura 3,440.

Ɗauki ƙaramin cikin biyun farko, wato 620. Shi ne iyakar abin da wuyan tirela zai sauke. Yi lissafi da kashi 25 cikin ɗari, don lodin gona ba ya zama daidai kullum: 620 sau 4, ya ba ka kilo 2,480. Wannan shi ne nauyin tirela da kayanta gaba ɗaya, duk da cewa GCM da iyakar ja sun nuna kamar akwai sauran wuri.

Yanzu cire nauyin tirelar ba kaya. Mai wuyan dinya ta ƙarfe mai aksil biyu, ko ƙarama ce, wuyan kaɗai nauyi ne da shi. Mu ce kilo 1,100. Saura kilo 1,380 na kaya. Wato buhun masara 13 mai kilo 100, ko buhun taki 27 mai kilo 50, ko shanun Bunaji huɗu masu kilo 300 zuwa 340. Bodin motar kuma ba komai a ciki, kujerun baya ba kowa. Duk mutum ɗaya mai kilo 70 da ya ƙaru, sai ka rage kusan kilo 280 daga tirela. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin MF 375, ta haura tan 2 tun ba a ɗaura mata garma ba, don haka ba ta cikin lissafi sam. Ƙaramar taraktar hannu, injin casa ko famfon ban ruwa, waɗannan za su hau.

Kwatanta da tirelar baya kafin ka kashe kuɗi

Ɗauki motar nan dai, ka maƙala mata tirelar baya mai birki, mai aksil biyu, wadda nauyinta da kaya ya kai kilo 2,500, ita kanta kuma 700. Kayan da za ta ɗauka 1,800 ne, buhu 18. Abin da ta sauke wa mota wajen kilo 250 ne. Da yake a bayan aksil yake sauka, aksil ɗin zai ji shi kamar kilo 350 ko ɗan fiye, amma duk da haka akwai sauran wurin buhu uku a bodi. Jimla buhu 21, ga 13 na mai wuyan dinya.

To ka gani. A matsakaiciyar mota mai ƙofa huɗu, tirelar baya takan fi ɗaukar kaya, ta fi araha, kuma ba a huda bodi. Inda mai wuyan dinya ke da riba shi ne: motar mai ƙofa biyu ce mai dogon bodi, wadda ta fi sauƙin nauyi kuma ta fi ɗaukar kaya, ko dabbobi za ka riƙa ɗauka, waɗanda motsinsu ke sa tirelar baya lilo, ko kayan dogaye ne marasa nauyi, irin bututun ban ruwa, kara da harawa.

Tsawon bodi da gilashin baya

Bodin mai ƙofa huɗu wajen mita 1.5 ne, na mai ƙofa biyu kuma wajen mita 2.3. A gajeren bodi, aksil yana kusa da gidan direba. Idan ka sha kwana sosai, gaban tirela yana iya dukan gidan direba ya fasa gilashi.

Ɗauki tef ka auna daga inda ƙwallo zai zauna zuwa bangon gidan direba. Sannan auna rabin faɗin gaban tirela a tsayin da zai iya taɓa motar. In rabin faɗin ya fi tazarar, za su haɗu. Tirela mai faranti wadda faɗin gabanta ya kai mita 2.4 tana buƙatar fiye da mita 1.2, kuma gajeren bodi ba shi da wannan. Akwai faranti mai zamewa baya lokacin kwana, amma ƙarin nauyi ne da ƙarin kuɗi. Siririn wuyan dinya mai tsini ya fi sauƙin wucewa. Kar ka yarda a ja ƙwallon baya da aksil don a samu wuri, domin hakan yana ɗage tayoyin gaba, sitiyari ya yi sako-sako. Wurinsa saman aksil ne, ko 'yan santimita kaɗan gaba da shi.

Ka bar aƙalla santimita 15 tsakanin saman bangon bodi da ƙasan wuyan tirela. A hanyar burji mai kwazazzabai ka bar fiye da haka, don idan mota ta shiga rami tirela tana kan tudu, ratar rufewa take yi. Kuma tirelar ta tsaya daidai bayan an haɗa. In gabanta ya ɗaga, aksil ɗinta na baya ne zai ɗauki yawancin nauyin, tayoyinsa su yi zafi su fashe.

Ɗaura mahaɗi

Nan ne araha ba ta ado. Ƙasan bodi siririn ƙarfe ne, an yi shi don a ɗora kaya a shimfiɗe. In aka yi waldar ƙwallo a jikinsa, birki ɗaya mai ƙarfi zai yage shi, wuyan tirela ya shigo gidan direba. Dole ƙwallon ya zauna a kan kakkauran ƙarfen da ya ratsa daga wannan gefen shasi zuwa wancan, a ƙarƙashin bodi.

Ka tsaya a kan waɗannan:

- A ɗaure ƙarafan gefe da ƙusoshi masu noti a jikin bangon shasi, a yi amfani da ramukan da ke nan in akwai. Kar a huda ko a yi walda a leɓen sama ko na ƙasa na shasi, daga nan tsagewa ke farawa.
- Ƙusoshin su zama masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Wanda ba lamba, ajiye shi.
- Ƙwallo da bakin da ke hawa kansa a sayo su na kamfani, masu adadin nauyi a rubuce, girmansu ɗaya. Kar a fafe su a wurin mai walda. Ƙwallon tirelar baya mai milimita 50 ba ya aiki a nan.
- Tankin mai, tiyon birki da wayoyi duk suna ƙarƙashin bodi. A duba su kafin a huda, a cire kan batir kafin duk wata walda.
- A duba shasi da kyau. In tsatsa ta ci shi, ko an taɓa gyara shi bayan haɗari, motar ba ta dace da wannan aiki ba.
- A kafa zobba biyu na sarƙa a jikin ƙarfen mahaɗin. Mai wuyan dinya tana buƙatar sarƙoƙi biyu ko yaushe.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko, a sake ɗaure kowane noti.

Wasu sukan ƙara ganyen sifirin don motar ta daina zama. Wannan yana ɗaga gindinta ne kawai. Aksil, boris, birki da taya suna nan yadda suke, lambar da ke bakin ƙofa ba ta canza ba.

Birki, taya da wuta

Birkin motarka an yi shi ne don nauyin motar da kayanta. Tirela mai tan 2 da rabi marar birki tura ka za ta yi a gangare, har ta naɗe motar. Irin wannan tirela galibi birkin lantarki take amfani da shi: ana sa ɗan akwati kusa da sitiyari, shi ke aika wuta zuwa birkin tirela ta soket mai baki bakwai duk lokacin da ka taka. A sa birki a kowane aksil. A kuma sa makunnin tsinkewa da ƙaramin batir ɗinsa, wanda ke kama birki da kansa in tirela ta rabu da mota. Dokar manyan motoci ta Amurka ta ce ya riƙe aƙalla minti 15. Tun kafin ka saya, ka tabbatar akwai inda za ka samu kayan gyaran birkin, da mai wayarin da ya iya shi.

Don saita ƙarfinsa, samu miƙaƙƙiyar hanya ba kowa, ka yi tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a awa, ka ja ɗan hannun akwatin ba tare da taka birkin mota ba. Ƙara ƙarfi har tayoyin tirela su kusa kullewa, sai ka ɗan rage. Saitin lodi daban, na tirela ba kaya daban.

Taya kuwa, karanta lambar nauyi a gefenta. 104 tana nufin kilo 900, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, kuma sai da cikakkiyar iska take ɗaukar hakan. Tayoyin baya biyu a haɗe su fi abin da sikeli ya nuna a aksil ɗin. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT suna faɗa maka mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tsohuwar tayar gwanjo ba ta wannan aiki. Auna iska da safe kafin taya ta yi zafi.

Wutar birki, ta kwana da ta dare duk su yi aiki, a manna tef mai ƙyalli a baya da gefe. Madubin gefe kuma ya nuna maka har ƙarshen tirela.

Lodi

Aksil ɗin mai wuyan dinya can baya yake, don haka duk abin da ka tura gaba, motar ce ke ɗaukarsa. Sa kaya mafi nauyi a saman aksil ɗin tirela da ɗan gaba kaɗan, a ƙasa ƙasa, hagu da dama daidai. Kar kuma ka tara su a can ƙarshe, domin in nauyin wuya ya yi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, tirela za ta riƙa ɗaga gindin mota tana fizga.

Ka koma sikeli da cikakken lodi sau ɗaya. Hau da motar kaɗai, tirela a haɗe amma tayoyinta a waje. Bambancin wannan da awon farko, in ka cire nauyin mahaɗi, shi ne nauyin wuya. Auna tayoyin baya, sannan ka auna duka a haɗe. In lissafi ya yi, sa fenti a jikin tirela ka nuna inda buhuna ke farawa da inda suke ƙarewa, ka rubuta adadinsu, don masu lodi su gani.

Dabbobi a raba su da shinge, kar su taru gaba in an taka birki. A zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a ƙasa saboda santsi, a yi tafiya da sanyin safiya ko yamma. Tankin ruwa kuwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma rabin tanki ya fi cikakke haɗari saboda ruwan yana tangaɗi.

Haɗawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Direba ya koyi wannan jeri, ya riƙa bin sa kullum:

1. Sa waigi a tayoyin tirela, gaba da baya.
2. Sauke ƙofar bodi, ɗaga wuyan da jak har ya wuce tsayin ƙwallo.
3. Yi ribas a hankali, mai nuna maka hanya ya tsaya a gefe inda kake ganinsa. Kar kowa ya shiga tsakanin mota da tirela.
4. Sauke wuyan a kan ƙwallo, kulle, sa fil ɗin tsaro, ka duba da idonka.
5. Ɗan ɗaga jak ɗin. In gindin mota ya biyo shi sama, ya kama.
6. Maƙala sarƙoƙi, soket, da igiyar makunnin tsinkewa. Igiyar wurinta daban, kar a ɗaura ta a jikin sarƙa.
7. Naɗe jak gaba ɗaya, rufe ƙofar bodi, cire waigi, gwada wuta da birki.

Shafa ɗan giris a kan ƙwallo, ka riƙa goge shi kana sabuntawa, don giris da ya haɗu da yashi cin ƙarfe yake yi.

Tuƙi

Wannan tirela tana yanke kwana ta ciki fiye da tirelar baya. Ka wuce gaba sosai kafin ka karya sitiyari, in ba haka ba tayarta za ta faɗa kwata ko ta taka mai babur. A ribas tana jinkirin amsawa, sannan ta juya da sauri. Je filin ƙwallo ko filin idi ka yi ta gwaji ba kaya.

Littafin dokokin hanya na Najeriya ya sa wa tirela da tanka kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Ka ɗauki waɗannan a matsayin iyakarka. In ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

A dogon gangare irin Hawan Kibo a hanyar Jos, ko saukowa daga tsaunin Mambila, sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe maka. Kar ka saki giya don tsimin mai, kar kuma ka ɗora ƙafa a birki har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. A hawa, idonka a kan allurar zafi. In ta tashi, kashe na'urar sanyaya mota, samu wuri ka tsaya, ka bar inji yana aiki har ya huce. A yashi ko taɓo, ƙaramar giyar taya huɗu tana ceton kuloci wajen tashi, amma ka fitar da ita da zarar ka hau busasshiyar kwalta.

In tirela ta fara lilo, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka ja birkin tirela da hannu a hankali. Bayan kilomita 20 na farko, sannan duk awa ɗaya ko biyu, tsaya ka kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi saura zafi, boris ɗinta ko birkinta na da matsala.

Takardu

A tsarin lasisin tuƙi na Najeriya, rukunin B na ƙananan motoci ne, F na tarakta da injinan gona, G kuma na motoci masu kai da bodi a haɗe. Kafin ku fara, ku je ofishin VIO ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, da takardun motar da bayanin tirelar, ku tambayi rajistar da ake buƙata da lasisin da direbanku zai riƙe. Ku sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa an ɗaura mahaɗi. Masu tsallaka iyaka zuwa Nijar, Kamaru ko Chadi su tambayi ƙa'idar can ma.

Shawara ga shugabannin ƙungiya

Kafin ku fitar da kuɗin mambobi, ku zauna da biro da takarda. Sau nawa a shekara kuke buƙatar kai fiye da tan ɗaya? In makonni shida ne na kaka, ɗaukar hayar Canter zuwa Dawanau ko Saminaka yana iya fi muku sauƙi, motarku kuma ta huta. In cikin gona ne da kusa da gari, tirelar tarakta ta wadatar. In kuna da jigila duk mako, ku fara duba tirelar baya mai birki. Mai wuyan dinya ta zo a ƙarshe, bayan littafin mota bai hana ba, sikeli ya nuna akwai wuri, an kuma samu wanda zai ɗaura mahaɗin a jikin shasi yadda ya kamata.

In kun saya, ku ba direba ɗaya ko biyu amanarta, ku rubuta iyakar buhu a jikinta, kuma ku hana ɗaukar mutane a cikinta ko a bodin mota lokacin da take haɗe. Ranar kasuwa za a zo ana roƙo a ƙara buhu biyar, ko a rage wa wani hanya. Ku yanke wannan hukunci a taron ƙungiya tun yanzu, don direba ya samu abin da zai faɗa. Motar nan ɗaya ce da ku, in aksil ɗinta ya karye a tsakiyar kaka, amfanin kowa ne zai kwana a gona. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a noma.